Lissafin Zakka a Shekarar Kulle

Kawuna ɗan Kantin Kwari ne, atamfa da shadda da leshi yake sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Tun tasowata na san a watan azumi yake fitar da zakkarsa. Da yake kayansa kullum cikin juyawa suke, abin da malamansa suka karantar da shi shi ne ya yi wa duk abin da ke shago da sito kuɗi, ya haɗa da na hannu da na banki, ya ɗora bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, sannan ya fitar da ɗaya cikin arba'in. A da manyan littattafai ake bajewa a kan tabarma a yi ta bi layi-layi. Daga baya akawunsa ya kwashe komai ya zuba a wata manhajar lissafi da ke kan kwamfutar tebur mai Windows 7, lasisin manhajar kuma a ɗaure yake da wannan kwamfutar ita kaɗai.

A 2020 azumi ya tarar da Kano a kulle. Gwamnatin jiha ta hana fita daga daren Alhamis 16 ga Afrilu, aka ɗauki azumi ranar Juma'a 24 ga wata, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara wa jihar mako biyu. Ni ina Abuja, inda aka rufe mu tun 30 ga Maris. Akawu ya je Funtuwa duba mahaifiyarsa, hanya ta rufe kafin ya dawo. Allah ya sa ana gobe za a kulle gari yaran shago suka ɗauko kwamfutar a a-daidaita-sahu suka kai ta gidan Kawu a Fagge. Wato lissafi yana Fagge, wanda ya san kansa yana Funtuwa, ni da ake ganin na san kan na'ura ina Abuja.

Makonnin nan ne ake ta rasuwar dattawa a Kano. Da wuya in kira Kawu bai ce mini wane ya riga mu gidan gaskiya ba, kuma yawanci sa'o'insa ne, abokan zamansa na kasuwa da masallaci. Wani dare bayan shan ruwa ya ce mini, "Ɗana, bana ba zan jinkirta ba. Mutane suna gida babu abin sawa a baka, ni kuma ban san ko zan ga sallah ba. Ka san yadda za ka yi akawu ya kai ga lissafin nan."

Mai taimaka mini a cikin gidan 'yar autarsa ce, tana aji biyu na babbar sakandare, an rufe makarantu tun Maris. Taubashiyata ce, amma tazarar shekarun da ke tsakaninmu ta sa Yaya take ce mini. Da farko hoton allon kwamfutar take ɗauka ta tura wa akawu ta WhatsApp. Hakan bai kai mu ko'ina ba. Iyakokin ƙasa suna rufe tun Agustan 2019, don haka bashin abokan ciniki na Maraɗi da Damagaram da Injamena ya taru ya cakuɗe: wani ya biya rabi ta banki, wani ya aiko ta hannun ɗan canji, wani an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai akawu ya zauna da kansa ya buɗe asusun kowa, ya gwada da saƙonnin banki, kafin a san bashin da ake sa ran samu da wanda aka fid da rai.

Na kawo shawarar TeamViewer ko AnyDesk, don su ne hanya mafi sauƙi, kuma suna aiki ba tare da an taɓa komai a gida ba. Sai dai na faɗa wa Kawu gaskiyar lamari: kyautar da suke bayarwa ta amfanin kai ce, harkar kasuwanci sai an sayi lasisi, kuma haɗin yana farawa ne ta na'urorin kamfanin a ƙasar waje, duk da cewa a rufe bayanan suke tafiya. Ya yi shiru, sannan ya ce ba zai yi lissafin zakka da abin da ba a halatta masa ba, kuma sunayen masu bashinsa amana ce. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba na so asirin bawan Allah ya bi ta hannun wanda ban sani ba. Babu yadda za a yi daga wurin akawu sai gidana?"

Akwai. Windows ɗin kanta, irin wadda ke kan kwamfutar, tana da Remote Desktop, wanda ke kawo wa na nesa allon kwamfuta ya yi aiki a kai tamkar yana zaune a gabanta. Matsalar ita ce isa wurinta. Kamfanin intanet adireshi ɗaya yake ba gida, ya tsaya a kan rauta. Wayoyi da kwamfutocin cikin gida kuwa rautar ce ke raba musu lambobin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda ba su da amfani da zarar an fita waje, don maƙwabci ma irinsu ne a gidansa. Rauta kamar zaure take mai yaro a zaune. In na cikin gida ya yi aike, yaron ya san mai aiken, amsa na dawowa zai kai masa. In kuwa baƙo ya yi sallama ba wanda ya aika a kira shi, yaron bai san ɗakin da zai nufa da shi ba, sai ya yi gum ya bar shi a waje. Abin da zan yi shi ne in bar wa yaron sallahu: duk wanda ya zo ta ƙofa mai lamba kaza, a wuce da shi wurin kwamfutar lissafi. Ƙofofin lambobi ne daga 1 zuwa 65,535, kowace hidima da wadda aka san ta da ita. Shafukan intanet suna bi ta 80 da 443, Remote Desktop kuma ta 3389.

Ta kiran bidiyo muka yi aikin, ita riƙe da waya a hannu ɗaya, ɗayan a kan linzamin kwamfuta. Ban taɓa koyar da wanda ya kai ta nutsuwa ba. Ba ta danna komai sai ta karanto mini abin da ke rubuce, in ta ga abin da ban ambata ba sai ta tsaya ta tambaya. Muka kunna Remote Desktop, muka zaɓi tsarin da ke tantance mutum tun kafin a nuna masa allon shiga, muka sa kalmar sirri mai tsawo wadda ba suna ba ce ba kuma shekarar haihuwa ba. Muka sa rauta ta riƙa ba kwamfutar lamba ɗaya tak kullum, domin in ba haka ba, duk ɗaukewar wuta tana iya canza mata lamba, sallahun ya koma kan wayar wani. Muka hana ta yin barci. Har cikin BIOS muka shiga, muka sa ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo. Daga nan ta juya rautar ta karanto mini adireshin shiga da ke jikin takardar ƙasanta, ta buɗe shafin da aka rubuta wa Port Forwarding, ta cike gurabe huɗu: ƙofar waje wata lamba sama da 40,000, ƙofar ciki 3389, lambar kwamfutar, sai TCP.

"Yaya, na adana."

Na sa ta buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet. Ta karanto mini wani mai farawa da 197. Na zuba shi a kwamfutata na danna. Ta yi ta lilo, daga ƙarshe ta ce ba ta sami kowa ba. Muka bi komai daga farko, babu kuskure ko ɗaya. Sai na ce ta koma shafin farko na rautar ta duba adireshin da kamfani ya ba ta.

"Wannan daban ne, Yaya. Da 100 ya fara, sai 72."

Nan na gane. Lambobin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 an ware su ne a 2012 musamman don kamfanonin da ke tara abokan hulɗa masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Ashe zauren namu ba a bakin titi yake ba, a cikin wani ƙaton gida yake mai nasa zauren, kuma ba mu da ikon barin sallahu a can. Adireshin 197 ɗin na kamfani ne, mu da wasu gidaje muke tarayya a kai.

Layin gidan na wani ƙaramin kamfani ne, irin mai kafa eriya a kan dogon ƙarfe a saman rufi. Na kira su da safe, aka haɗa ni da injiniyansu, shi ma daga gida yake aiki. Ban gama bayani ba ya ce, "Yallaɓai, na gane. Ba ku kaɗai ba ne a kan adireshin nan. In kuna son naku na kanku wanda ba ya canzawa akwai, amma da ƙarin kuɗi duk wata, kuma 'yan kaɗan ne suka rage mana." Ya ce daga inda yake zai iya yi, ba sai an zo gida ba. Kawu ya amince, na tura kuɗin, aka ce a kashe rauta a kunna bayan la'asar.

Ban ga laifin kamfanin ba, don na san inda gizo ke saƙar. Tsarin adireshin da muke kai, IPv4, tun 1981 aka tsara shi, kuma adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai yake ɗauka. Waɗanda suka riga zuwa sun kwashi rabo mai tsoka: akwai kamfanonin Amurka irin su Ford da Apple da kowannensu ya sami adireshi sama da miliyan 16. Hukumar da ke raba wa Afirka, AFRINIC, mai hedkwata a Moris, sai a 2005 aka tabbatar da ita. Babbar ma'ajiyar duniya ta ƙare ranar 3 ga Fabrairun 2011. A Janairun 2020, wata uku kacal kafin wannan waya da muke yi, AFRINIC ta shiga matakin da ba ta ba kamfani fiye da adireshi 1,024 a karo ɗaya. Kamfanin da ke da dubban gidaje, ya zai yi in bai cusa su a bayan 'yan adireshi ba?

Duk da haka abin yana ci mini rai har yau. Lokacin da nake aiki a wani gidan intanet a Zariya a shekarun 2000, layin tauraron ɗan'adam ɗinmu da 'yan adireshinsa na fili ya zo, kuma a kansu na koyi kafa shafi a kan tsohuwar kwamfuta, abokina a Legas ya buɗe ya gani. Murnar ranar ce ta sa ni a wannan sana'a. Yaron da ya taso yau da layin waya ko rautar 4G ba shi da wannan damar. Zai iya kallo, zai iya saukewa, zai iya aikawa, amma ba mai iya zuwa wurinsa. In ya ƙirƙiri abu yana so a gani, ko yana so ya leƙa kyamarar shagon mahaifinsa, dole ya bi ta na'urar wani kamfani ko ya yi hayar wuri da dala. Maganin kuwa sananne ne: IPv6, wanda adireshinsa ya ishi kowace na'ura a duniya ta sami nata har a yi ragi, kuma manyan kamfanonin duniya sun kunna shi dindindin tun 6 ga Yunin 2012. Ina ganin haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar masu sayar mana da intanet yaushe za su kawo shi gidajenmu, kamar yadda muke tambayar sauri da farashi.

Bayan la'asar ta kashe ta kunna. Lambar da ke shafin rautar da wadda shafin intanet ya nuna suka zama ɗaya. Na danna, sai ga gurbin kalmar sirri, sai ga allon kwamfutar Kawu a gabana a Abuja, da hoton Ka'aba da akawu ya sa a bango. A daidai lokacin na ji muryarta a waya cikin firgici: "Yaya, ta kulle kanta!" Na kwantar mata da hankali. Haka wannan Windows ɗin take, mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, in na nesa ya shiga sai ta rufe allon na kusa. Na ji tana yi wa Kawu bayani, na ji yana ta hamdala.

Akawu ya fara aiki a daren. Layinsa a Funtuwa ba shi da ƙarfi, sai muka rage launin allo, muka cire hoton bango da sauran ƙawa, abin ya yi sauƙi har wayarsa ta iya ɗaukar nauyin. Bayan sallar asham, wadda a shekarar kowa a gida yake yi, yakan zauna har sahur, don a lokacin layi ya fi sakewa. In an ɗauke wuta a Fagge sai ya kira, a tayar da janareta, kwamfuta ta tashi da kanta, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kowace safiya yarinyar takan kwafi lissafin a filashi ta zare ta ajiye a ɗakin mahaifiyarta. Wannan sharaɗi ne da na gindaya tun ranar farko, don na san abin da ke biyo bayan buɗe irin wannan ƙofa.

Bai daɗe ba kuwa ya zo. Windows tana da kundin tsaro, inda duk yunƙurin shiga da bai yi nasara ba yake fitowa da lamba 4625. Kwanakin farko babu komai sai inda akawu ya yi tuntuɓen harafi. Daga baya na buɗe na ga layuka sun cika shafi, na yi ta gangarawa ba su ƙare ba. Dare da rana ake gwadawa, da sunaye irin su administrator da admin da user da test. Kundin rautar ya nuna adireshin masu zuwan, daga ƙasashe daban-daban na Turai da Asiya da Amurka. Lambar da muka ɓoye a sama da 40,000 jinkiri kawai ta sayo mana.

Da na faɗa wa Kawu sai ya ce, "Su waye? Wa ya gaya musu?" Na ce babu wanda ya gaya musu, ba su san shi ba, ba su san akwai wata unguwa Fagge ba. Na'urori ne da aka saki suna zagaya adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya suna taɓa kowace ƙofa. Tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fito da manhajar ZMap, wadda ke iya zagaye dukkan adireshin IPv4 a kan ƙofa ɗaya cikin ƙasa da sa'a guda daga kwamfuta ɗaya. In sun dace da kalmar sirri mai rauni, ko dai su kulle fayilolin mutum su nemi kuɗin fansa, ko su sayar da hanyar shigar ga wani. Har kasuwa aka yi ta wannan, xDedic, wadda hukumomin Amurka da Turai suka rufe a Janairun 2019. A watan Mayun shekarar kuma aka bayyana wata ɓaraka a Remote Desktop ɗin tsofaffin Windows da aka yi wa laƙabi da BlueKeep, wadda ke ba maharin dama ko da bai san kalmar sirri ba. Na riga na tabbatar an yi wa kwamfutar Kawu facin wannan, amma tallafin Windows 7 ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020, wato in wata ɓarakar ta ɓullo babu sabon faci da za mu jira.

Sai na koma ga WireGuard, manhajar da Jason Donenfeld ya rubuta, wadda aka shigar cikin Linux a ƙarshen Maris ɗin 2020, kuma akwai ta Windows. Tana haƙa wata rufaffiyar hanya tsakanin na'urori biyu, kuma ba kalmar sirri take tambaya ba, makulli take dubawa, wanda ake ƙirƙira wa kowace na'ura nata. Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ba shi da makulli ba ta ko amsa masa, don haka mai zagaye ba ya ma sanin akwai wani abu a wurin. Daga Abuja na girka ta a kan kwamfutar, na yi wa akawu makulli na yi wa kaina. Yarinyar ta ƙara sabon layi a rauta, ƙofa 51820 ta UDP. Sai da ni da akawu muka shiga ta sabuwar hanyar muka tabbatar tana aiki, sannan na ce ta goge tsohon layin. Washegari na buɗe kundin tsaro, babu baƙo ko ɗaya.

A goman ƙarshe akawu ya kammala. Ya karanta wa Kawu jimillar ta waya, suka bi sunayen masu bashi ɗaya-ɗaya, Kawu yana cewa wannan a sa shi, wancan a jira sai ya biya. Wasu kuɗin ta banki aka tura. Sauran kuma a ranakun da gwamnati ta ware don fita sayen abinci aka kai wa 'yan dakon Kwari da teloli da masu guga da zawarawan unguwa, mutanen da cin yau ɗinsu ya tsaya tun ranar da aka rufe kasuwa.

Da aka ɗage hana zirga-zirga tsakanin jihohi a farkon Yuli na je Kano. Na tarar da Kawu ya rame amma lafiyarsa ƙalau. Muka sayi sabuwar kwamfuta mai Windows 10, muka mayar da lissafin kanta, aka kai ta shago. A can sai muka sake cin karo da tsohuwar matsala, don rautar shagon ta layin waya ce, ita ma a bayan adireshin tarayya take, kuma babu tsarin sayen na kai a wannan layin. Sai muka juya abin. Na sa wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, a gida kusa da rauta, ita ke riƙe da WireGuard. Kwamfutar shago ita ke fita ta nemi gida, tun da fita ba a hana kowa ba, tana kuma aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25 don kada hanyar ta rufe. Akawu ko ni, duk inda muke, gida muke shiga, daga can mu wuce shago.

Makullan suna hannun 'yar autar. Ita ta yi wa yayanta da ke karatu a Sudan nasa, ita ta soke na wayar akawu ranar da aka sace wayar a tasha, ta yi masa sabo kafin magariba. Kuɗin adireshin kuwa, da farko daga aljihunsa Kawu yake biya. Daga baya ya sa akawu ya buɗe masa gurbi a cikin kuɗaɗen da shago ke kashewa duk wata, tare da haya da kuɗin wuta da na mai gadi.